Layu Uku a Jelar Jirgi

Hoton nan da ke rataye a falonmu na Rillieux, nan gefen Lyon, wanda na tsaya gaban farfela da hula a karkace kamar ni na haifi jirgin, ya jawo ƙarya biyu, kuma ina so in kashe su tun ina da sauran haƙoran magana. Ta farko jikokina ne suka ƙaga ta, suka je lakol suka ce kakansu ya ƙera jirgin sama. Ta biyu daga bakin mazauna shaguna a Guillotière ta fito, masu cewa Isuhu baduku ya yi wa jirgin Nasara asiri har ya shekara bai tashi ba. Ta farkon ta fi daɗin ji, ta biyun ta fi kusa da gaskiya. Ni da aji biyu kawai na yi a lakol aka koro ni, don na ɗinke bakin rigar malaminmu da kujerarsa yana cikin gyangyaɗi, wane jirgi zan ƙera? Jela na ɗinka, ita ma sau biyu, kuma dalilin na biyun nake so ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku shi da gishirinsa.

Kakanku, wato ubana, baduku ne a Damagaram. Jaka, takalmi, kube, matashin kujerar direba, duk yana yi. Yana da wata ɗabi'a da na tashi na tarar: duk abin da zai hau hanya ba ya barin hannunsa sai ya cusa ƴar laya cikin ɗinki, inda ido ba ya kaiwa. Direbobin hanyar Agadas sun yi shekaru suna zaune a kan layunsa ba su sani ba, don ba ya faɗa wa mai kaya. In na ce, Baba, gaya musu mana su gode maka, sai ya ce ba don godiya ya sa ba, don mutum ya koma gidansa ne. A zamanin nan na fara ganin jirgi mai inji biyu, yana sauka a filin bayan gari da wasiƙu da magani. Tun kafin a hango shi ake jin sa, murya biyu masu kauri suna tafiya tare kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya.

Shekarun da na yi a Aubervilliers, kusa da Paris, ba zan ɓata muku takarda a kansu ba. Kwali na ɗauka, na ajiye, na sake ɗauka a ɗakunan ajiyar ƴan kasuwa, har bayana ya ce shi ya gama. Muka komo Lyon, kawunku Alhaji Mamman ya ba ni lungu a shagonsa na Guillotière, tsakanin buhunan gero da kwalayen man shafawa, na koma sana'ar ubana. A nan wani dogon tsoho Bafaranshe mai suna Andre ya same ni da wata jakar fata da ta girme ni, bakinta duk ya warware.

"Ba na son sabon huji," in ji shi. "Ramukan da ke jikinta nake so ka bi."

"Duk ramin da mai ita ya huda zan bi, in ka daina tsaya mini a ka."

Bai daina ba. Kujera ma ya jawo ya zauna, ya zuba wa yatsuna ido har na gama. Ya juya jakar ciki da waje, ya ja ɗinkin da ƙarfi, sannan ya dube ni.

"Ka taɓa ɗinka jirgin sama?"

"Ban taɓa ba," na ce. "In ka kawo shi nan kuwa Alhaji zai ce ya tare masa ƙofar shago."

Ranar Asabar ya zo da motarsa ya ɗauke ni zuwa wani ƙaramin filin jirage a bayan gari. Akwai wata ƙatuwar rumfar ƙarfe da suke ce wa angar, a ciki tsofaffi ne kusan goma, duk sun ajiye aiki, matansu sun gaji da ganinsu a gida. A tsakiyarsu yana tsaye, hancinsa a sama, jelarsa a ƙasa, farfela biyu hagu da dama. Irinsa ne sak, na bayan garinmu. Na tsaya baki buɗe har wani gajeren tsoho mai fenti a gira ya ce wa Andre, wannan telan naka yana magana kuwa? Shi ne Marsel. Ya yi rayuwarsa yana fentin motoci, kuma shi ne mutumin da na zalunta.

Andre injiniya ne, mahaifinsa kuma yana cikin waɗanda suka zana wa mai ƙirar jirgin takardu. Takardun nan suna wurinsa, sun yi ruwan ƙasa don tsufa, yana buɗe su a hankali kamar mai juya jariri. Ni ban iya karanta rabin abin da ke ciki ba, amma ya fahimtar da ni da yatsa. Bayan babban yaƙin Turawa aka ƙera jirgin, lokacin da ƙarfe ya yi wuya, filaye sun lalace. Aka ce wa mai ƙirar ya yi jirgin da zai sauka a kan jar ƙasa, wanda makaniki zai gyara a gindin itace da kayan aikin da ba su fi cikin akwati ɗaya ba. Sai ya ba shi inji biyu, don in ɗaya ya mutu a tsakiyar hamada ɗayan ya kai mutane gida. Ya ware ƙafafunsa nesa da juna don kada rami ya kayar da shi. Ƙofar ma sai da ya sa aka kawo gadon ɗaukar majinyaci aka gwada, ya auna faɗinta da shi. Ba abu ɗaya da ya sa don ado, amma in ka ja baya ka kalle shi sai ka rantse don ado aka yi shi. Ɓangarorin da ke motsi a jela da bakin fukafukai kuwa bai rufe su da ƙarfe ba. Yadin lilin ya sa, don su yi sauƙi, kuma don ko a ƙauye aka sami yagewa allura da zare su isa. Abin da ya sa Andre ya shiga neman baduku ke nan.

Aikin haka yake. Ƙashin abin yana da haƙarƙari a jere. A shimfiɗa yadi sama da ƙasa, a ɗauki doguwar allura da ta fi basilla, a soka ta sama ta ɓullo ta ƙasa, a zagayo haƙarƙarin da zare mai kaki, a ƙulle. Ranar farko na so in nuna musu ɗinkin Damagaram, mai gudu, mai kyau a ido. Andre ya sa almakashi ya yanke zare ɗaya a tsakiya, ya ja, duk layin ya biyo shi. Sannan ya nuna mini ƙullin da ke cikin takarda: kowane soki da ƙullinsa, in ɗaya ya tsinke sauran ba su ma san an yi ba. Kuma inda iskar farfela ke duka, mai ƙirar ya matso da sokin kusa da juna. Na ce wa Andre, wannan mutumin baduku ne, iyayensa ne dai ba su gaya masa ba. Ya yi dariya har ya dafe ƙirji. Daga baya na gane ba dariyar kaɗai ke sa shi dafe ƙirji ba.

Na yi wata bakwai ina zuwa duk Asabar da Laraba. Na ɗinka na fukafukai biyu, na ɗinka na jela mai juyawa hagu da dama. In na gama, Marsel ya karɓa ya bi da wani ruwan fenti mai warin tsiya, hannu bayan hannu, har yadin ya ɗame kamar fatar kalangu. Yakan buga shi da yatsa ya ce in yi rawa. Hannunsa yana ɗan karkarwa in ya ɗauki kofin kafe, amma da ya riƙe bindigar fesa fenti sai ya tsaya cak. Kowa a angar ya ga karkarwar, ba wanda ya taɓa maganarta.

Abin da ake wa gaggawa shi ne taron tsofaffin jirage da ake yi a wani fili kusa da Paris in sanyi ya wuce. Wadda za ta tuƙa sunanta Madam Silbi, mace mai ƴaƴa uku, ita ce mai kawo mini gato, kek ɗin Faransawa, marar giya a takarda daban. Kujerar da ke gefenta ta Andre ce. Likitansa ya yarje masa tafiyar wannan shekarar, bai yi masa alkawarin ta gaba ba. Jirgin kuwa ya fi shekara talatin bai ɗaga daga ƙasa ba. Wata rana na tambayi Andre, in sun hau can sama, me ke tsare su?

"Lissafi," in ji shi, ya buga takardun da tafin hannu.

Na ce madalla. A raina kuwa na ce lissafi yana da kyau, amma ai ba zai ƙi abokin tafiya ba.

Saura abu ɗaya a ɗinka, faifan jela mai motsi sama da ƙasa, wanda ke sa jirgi ya ɗaga hanci ko ya sunkuyar. Na ɗauko layar ubana da na zo da ita daga gida. Da na tsaya a kanta ita kaɗai, wataƙila da ba ku da labarin ji. Amma bakina bai taɓa riƙe komai ba. Na faɗa wa uwarku, ta ce mace ce za ta tuƙa, mai ƴaƴa, ita ma sai ta ba da tata. Uwarku ta faɗa wa yayanta. Alhaji Mamman, wanda ba a taɓa wuce shi a komai ba, ya kawo tasa, ta kai rabin sabulu, har da ɗan ƙarfe a ciki. Faransawa in midi ta yi, wato tsakar rana, ko gobara ake sai sun tafi cin abinci. Na ce zan tsaya sallar Azahar. Na yi sallar kuwa, kada ku ce ban yi ba. Sannan na ɗaure layun uku da kirtani a can ƙarshen faifan ta baya, inda ya tsuke, don a nan ba za su motsa ba, na ja yadi na rufe, na bi da ƙullin mai ƙira. Ko ubana ya taso ba zai gane inda suke ba. Marsel ya zo ya fesa fentinsa, ya buga da yatsa, na yi masa rawa.

Saura wata ɗaya a tafi aka yi awo. Ban san da wannan awon ba, don na sauran ɓangarorin an yi su ne ranakun da ba na nan. Aka ɗora faifan a kan bakin ƙarfe biyu masu kaifi, daidai inda yake juyawa, aka sake shi. Ya kamata ya tsaya a kwance, ko gabansa ya ɗan rinjaya. Sai bayansa ya sunkuya a hankali, kamar tsoho mai gaida sarki. Andre ya sake ɗora shi, ya sake sunkuyawa.

Na ce, don in rage wa kaina zufa, ai ɗan wannan nauyin bai fi goro uku ba, a jikin abin da ke ɗaukar mutum goma?

Andre bai yi fushi ba. Ya jawo ni gaban faifan, ya nuna mini dalmar da aka liƙa a gabansa. Ya ce jirgin farko da aka gwada ba shi da wannan dalma. Da matuƙin gwaji ya ƙara gudu, sai jela ta kama rawa da kanta, tana kaɗawa kamar tuta, sandar tuƙi tana fizge masa hannu, da ƙyar ya sauko da shi. Mai ƙirar ya yi watanni yana nema, ya gano bayan faifan ne ya fi gabansa nauyi, kuma iska in ta sami wannan ba ta bari sai ta karya. Shi ne ya auna dalmar, ya rubuta iyakar abin da bayan zai iya ɗauka, ya ja layi biyu a ƙarƙashin rubutun. Mahaifin Andre ne ya ja layukan da hannunsa.

"Goro uku a aljihunka ba komai ba ne," in ji Andre. "Goro uku a nan, su ne ƴaƴan Silbi ba uwa."

Ban san wanda ya fara dubar Marsel ba, amma kafin a daɗe kowa shi yake kallo. Abin da kan sa bayan faifai ya yi nauyi sananne ne a wurinsu: fenti ya yi yawa, ya gangaro ya taru a baki. Wani ya ce ai dama hannun nan. Wani ya ce akwai mai fenti a wata angar da zai iya zuwa sati mai zuwa. Shawara ta tsaya a kan a kankare fentin, baƙon ya sake fesawa siriri, a ƙara ƴar dalmar da takarda ta yarda, a kama ranar Paris. Marsel ya ce shi bai wuce hannu shida da takarda ta ce ba, ya ƙirga. Ba wanda ya musa masa, ba kuma wanda ya dube shi. Ya wanke bindigarsa, ya goge ta, ya sa a akwati, ya ɗauki kofinsa daga kan ƙusa, ya fita. Ubanku jarumi yana tsaye yana gyara zaman hularsa.

A cikin bas ina komawa Rillieux na yi lissafin da ya fi na Andre kyau. In na yi shiru, za a ƙara dalma, awo ya daidaita, Andre ya je Paris a jirgin ubansa, layu su yi aikinsu, mutum ɗaya kawai ya rasa wurin shan kafe. Har na fara ganin kaina mai taimakon jama'a. Na shiga gida na ci tuwo na ƙara. Uwarku ta lura, don ta san ni in na ci da yawa to akwai abin da nake dannewa. Ke Hadiza kina nan a teburin kina cike takardun jami'a, kin ji komai, ko da yake kin yi kamar ba ki ji ba.

"Malam, me aka yi a wurin jirgin?"

Na gaya mata, na kuma ɗora da lissafina.

"To shi tsohon mai fentin, me ya tafi da shi gida?"

"Akwatinsa."

"Ba akwati nake tambaya ba. Matarshi za ta ce mishi me ya faru, ya ce mata hannuna ya mutu. Gobe ya kalli hannun nan ya yarda ya mutu ɗin. Kai kuma kana nan kana ƙarin tuwo."

"Ke ma fa da taki a ciki, Hajiya."

"Na ba ka ka sa a jirgi. Ban ba ka ka rataya a wuyan bawan Allah ba. Baba da kake kwaikwayo, ka taɓa jin layarshi ta kori wani daga aikinshi?"

Na ce Andre fa, zuciyarsa, wannan ce shekararsa.

"Shi za ka bari ya zaɓa. Jirginshi ne, abokinshi ne. Kai wa ya naɗa ka?"

Ke kuma Hadiza, ba ki ɗago kai ba, kika ce da Faransanci, Papa, in aka ƙara dalma a kan ƙarya, takardar ma ta zama ƙarya ke nan. Na tashi na wanke hannu.

Ranar Laraba na buga wa Marsel waya na ce ya zo angar, ya ce ba shi da abin yi a can. Na ce ya zo ya ga yadda ake wulaƙanta baduku, ba kullum ake samu ba. Ya zo, ya tsaya bakin ƙofa da hannu a aljihu. Na sa aka ɗora faifan a kan ƙarafan awo. Na zaro wuƙar dukanci ta ubana, na tsaga yadin da na fi alfahari da shi a duniya, na sa yatsu biyu na tsinke kirtanin, na zaro su ɗaya bayan ɗaya, ta Alhaji ta ƙarshe don sai da ta yi gardama. Da na janye hannu, faifan ya ɗago da kansa ya kwanta daidai, gabansa ya ɗan rinjaya, yadda layuka biyun nan suka ce.

Na yi musu bayani da guntun Faransancina: ubana, direbobin Agadas, ƴaƴan Madam Silbi. Ba wanda ya yi dariya, ni da na saba a yi mini. Marsel ya tako a hankali, ya karɓi layun daga hannuna, ya ɗora su a bayan faifan, ya sunkuya. Ya ɗauke, ya ɗago. Ya yi haka sau uku, yana bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Hannu shida," in ji shi. Ya ajiye layun a kan tebur. Ni bai ko dube ni ba.

Madam Silbi ta ɗauki ta uwarku, ƙaramar, ta juya ta a tafin hannu, ta ce in gaya wa matata ta gode, kuma in na sake taɓa jelarta ba da saninta ba za ta ɗaure ni a jikin farfela. Andre ya zauna a kan wani akwati. Tambaya ɗaya ya yi.

"Akwai wasu a sauran?"

"Babu, wallahi."

"Na yarda da kai," in ji shi. "Amma ba zan sa hannu a takarda in ce na san abin da ke ciki ba, alhali yarda kawai na yi. Duk abin da ka ɗinka sai an buɗe."

Wani ya ce, Andre, in aka buɗe duka ai Paris ta wuce. Ya ce ya sani, ya fi kowa iya ƙirga makonni. Aikin wata bakwai aka farke cikin yini biyu, ni na riƙe wuƙar. Ba a sami komai ba sai ƙulli masu kyau. Taron ya zo ya wuce muna jiran sabon yadi.

Ban san dalilin da ya sa ba su kore ni ba. Ina jin ba su sami wani mai allura ba ne. Na sake ɗinka komai, kuma kafin in rufe kowane ɓangare sai Andre ya leƙa da tocila, ni ma na ce a yi haka. Marsel ya dawo da kofinsa kan ƙusa. Muka yi kaka da sanyi muna aiki kafaɗa da kafaɗa bai ce mini ko sannu ba. In ya gama fesawa yakan buga yadin da yatsa, sautin ya fito, ya wuce abinsa. Ba mai rawa. Abin da na fi jin tsoro kuma ya faru: da shekara ta zagayo, likita ya hana Andre hawa sama. Wannan ne gaskiyar da ba ta cikin hoton, ku riƙe ta. Ni na hana mutumin nan shiga jirgin da ubansa ya zana. Na je har gidansa na gaya masa haka, ya ce in daina yi wa kaina girman da ban kai ba, zuciyarsa ta fara lalacewa tun ina ɗaukar kwali. Sannan ya ce shi zai riga mu a jirgin ƙasa ya jira mu a fili, kujerarsa kuma Marsel ne zai hau. Akwai wata a baya, in ba na jin tsoro.

Ranar tafiya da hantsi aka fito da shi rana. A irin wannan jirgi kowa sai an auna shi kafin ya shiga, a san inda za a zaunar da shi, kuma Marsel ne ke riƙe da ma'auni. Na hau, ya dubi allurar ma'aunin, ya dube ni sama da ƙasa.

"Fito da malamanka," in ji shi. Maganarsa ta farko gare ni ke nan cikin shekara guda.

Na fito da layun daga aljihu, duka ukun. Ya auna su a tafin hannu, ya miƙa wa Madam Silbi ƙaramar, ya mayar mini da ta Alhaji ya ce wannan ta isa fasinja, in riƙe ta a cinya. Ta ubana kuwa ya sa a aljihun rigarsa na ƙirji ya maɓalle.

"Na tambayi Andre," in ji shi. "Ya duba takarda. Kujerata a kan tsakiyar nauyi take, a nan ba ta da lahani. Hau, kana ɓata mana lokaci."

Injin hagu ya yi tari ya kama, na dama ya bi shi, muryoyin nan biyu na bayan garinmu suka haɗu, wannan karon ina cikinsu. Ba zan ce muku na kalli ƙasar Faransa ba. Tun daga Lyon wuyana a juye yake, ina leƙen jela ta ƙaramar taga ta baya, ina karanta duk abin da na iya. Faifan yana nan shiru a cikin iska, sai in Madam Silbi ta taɓa sanda ya ɗan motsa ya koma. Mai ƙirar, mutumin da ya mutu tun ban san Faransa ba, ya faɗi yadda zai yi, haka kuwa ya yi.

Da muka sauka kusa da Paris, Andre yana bakin fili a kan kujerar naɗewa, da bargo a gwiwa da jakar nan da na gyara masa. Mutane sun taru suna ɗaukar hoto, a nan aka ɗauki na falo. Bai tambayi injuna ba, bai tambayi hanya ba. Ya yafito ni.

"Jelar ta yi rawa?"

"Ko kaɗan. Ni ne na yi ta yi."

Marsel ya ciro layar ubana daga aljihu zai miƙo mini, sai ya dubi hannunsa, ya fasa, ya mayar ya maɓalle. Ya ce ai da sauran komawa Lyon. Mun koma Lyon shekara tara ke nan, har yau bai dawo mini da ita ba, ni kuma ban tambaya ba.